Fistular wankin ƙoda ta ƙi ƙosawa bayan mako takwas: a gyara ta ko a koma gwiwar hannu?

Ƙaramin Likita

Assalamu alaikum manyanmu. Shawara nake nema kan wani majiyyaci ɗan shekara 58, mai ciwon suga da hawan jini, ana yi masa wankin ƙoda ta robar wuya. An yi masa fistula a wuyan hannun hagu, aka haɗa jijiya mai bugu ta gefen babban yatsa da jijiyar dawowa da ke kusa da ita. Yau mako takwas ke nan ba ta ƙosa ba, wato ba ta yi girman da za a riƙa soka mata allurar wanki ba. Da ƙyar faɗin jijiyar ya kai milimita 4. A wurin ɗinkin ana jin bugu mai ƙarfi, amma karkarwar, wato rawar da gudun jini ke sa a ji a ƙarƙashin yatsa, gajeriya ce, in ka matsa sama kamar yatsa uku sai ta ɓace. Masu wanki sun ƙi soka mata allura. Wasu na cewa a bar shi ya ci gaba da matsa ƙwallo na wata guda, wasu na cewa a haƙura da ita a yi sabuwa a gwiwar hannu. Wanne ya fi? Kuma in aka koma gwiwar, yaya za a kauce wa satar jini, wato fistula ta janye jinin da ya kamata ya isa yatsu?

Mai Tiyatar Jijiya

Wa alaikumus salam, Dokta. Kada a ƙara jira. Fistular da za ta ƙosa tana nuna alama tun mako huɗu zuwa shida, wadda kuwa ta kai takwas a haka akwai abin da ya tare ta, kuma ƙwallo ba ya buɗe jijiyar da ta tsuke. Abin da ake nema sananne ne: faɗi milimita 6, zurfi daga fata kada ya wuce milimita 6, jini mililita 600 a minti ɗaya.

Yadda ka siffanta ta, tsukewa ce dab da ɗinki. Lafiyayyar fistula laushi gare ta, karkarwarta ba ta yankewa, kamar gurnanin kyanwa a ƙarƙashin tafin hannu. Bugu mai tauri alama ce ta jini yana karo da wani abu a gabansa. Kafin hoto, yi gwaji uku da hannunka. Ɗaga hannun sama da zuciya: jijiyar ta kwanta, in wani sashe ya tsaya a kumbure to tsukewar tana gaba da shi. Sai ka danne jijiyar santimita kaɗan sama da ɗinkin: bugun da ke ƙasa da yatsanka ya kamata ya ƙaru sosai, in bai ƙaru ba jinin da ke shigowa ne ya yi kaɗan. Na uku, yayin da ka danne, karkarwar ya kamata ta tsaya cak. In ta ci gaba, akwai reshe tsakanin yatsanka da ɗinkin da ke kwashe jinin.

Abin da ya sa wannan ɗan sashe ke yawan tsukewa shi ne nan aka ɓamɓare jijiyar daga mazauninta aka lanƙwaso ta. Ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da bangonta sun tsinke, jini mai ƙarfi yana dukan bangon yana juyi, sai cikin ya yi ta kauri. In an ɗan murɗe ta wajen ɗinki kuwa, abin ya fi sauri.

Ni a ganina kada a taɓa gwiwar hannu tukuna. A sake ɗinki santimita 2 zuwa 3 sama da na farko, inda jijiyar take da lafiya. Ga abin da za a kula da shi:

Kafin a yanke jijiyar, a ja mata layi da alƙalamin tiyata a bayanta, don in ta murɗe a gani. A tsaga bakinta a tsaye ya yi faɗi, a wanke ta a hankali da ruwan gishiri mai hefarin (maganin hana jini daskarewa), yunit 5,000 cikin mililita 500. Tsagar jijiya mai bugu ta kai milimita 8 zuwa 10. Zare Prolene 7-0, a fara daga dunduniyar ɗinkin, don nan ne in aka ƙuntata ba a gyarawa. Jijiyar mai ciwon suga takan yi tauri da alli, matsewar ƙarfe na iya fasa ta, saboda haka a yi amfani da zaren roba mai laushi, allura kuma ta riƙa fita daga ciki zuwa waje a bangon jijiya mai bugu don kada ta ɗaga ɓawon. A yi hattara da reshen jijiyar ji da ke ratsa wurin, in an ji masa ciwo bayan babban yatsa zai yi ta dindiris ko zugi. Bayan an saki jini, a bi jijiyar sama a yanke duk wani zaren nama da ya gitta mata. In an rufe fata a sake taɓawa. Karkarwa ta ragu bayan rufewa? A kwance ɗinkin fatar.

Ribar wannan ita ce sashen jijiyar da ya riga ya ɗan faɗaɗa bai tafi a banza ba, gwiwar hannu kuma tana nan a ajiye don gaba.

Mai Hoton Dofla (hoton da ke nuna gudun jini a jijiya)

Ranka ya daɗe, na yarda da fassarar, amma kada a sa wuƙa sai an yi hoto. Hannu yana gano tsukewa ɗaya, sau da yawa kuwa biyu ne.

A auna yawan jinin a babbar jijiya mai bugu ta damtse, sama da gwiwar hannu, ba a jikin jijiyar dawowa ba, don can jinin juyi yake yi kuma kan na'urar yana danne ta, lissafin sai ya fito ba daidai ba. A bi jijiyar gefen babban yatsan tun daga tushenta. In faɗin cikinta bai kai milimita 2 ba ko alli ya zagaye ta duka, sabon ɗinki a kanta ɓata lokaci ne. A duba jijiyar dawowa har kafaɗa, musamman tsakiyar hannu inda aka saba sa robar ƙarin ruwa, don tabon allura na nan yana ɓoye.

Sannan a tambaya ta ina aka taɓa sa masa robar wanki. In an taɓa bi ta ƙarƙashin ƙashin wuya na hagu, babbar jijiyar ƙirji na iya tsukewa ba tare da wata alama ba, sai ranar da fistula ta kawo jini mai yawa hannu ya kumbura har kafaɗa, jijiyoyi su fito a ƙirji.

Inda akwai kayan aiki, ana iya buɗe tsukewar da balan-balan mai faɗin milimita 4 zuwa 6 ba tare da yanka ba. Sai dai takan dawo, a yi ta maimaitawa, ga tsada. A wannan wurin sake ɗinki ya fi daɗewa.

Ƙaramin Likita

Na gode ƙwarai. To in hoton ya nuna jijiyar ƙasan ba ta da kyau, dole aka hau sama fa?

Mai Tiyatar Jijiya

To nan ne ake taka-tsantsan, don masu suga, tsofaffi da mata su suka fi haɗuwa da satar jini. In zai yiwu a ɗauki jinin daga farkon jijiyar gefen babban yatsa, ƙasa da inda babbar ta rabu biyu, ta yadda ɗaya reshen zai ci gaba da ciyar da tafin hannu. In dole sai babbar, tsagar kada ta wuce milimita 4 zuwa 6.

Ɗan sanyin yatsu a makonnin farko yakan wuce da kansa. Ciwo lokacin wanki, ciwo da dare, ko gyambo a kan yatsa ba a jira da su. A danne fistular, in yatsun suka yi ɗumi bugu ya dawo, an tabbatar. Matsin jinin yatsa ƙasa da 60 a ma'aunin hawan jini ma shaida ce. In jinin fistular ya yi yawa, a ƙuntata ta da ɗauri. In ba shi da yawa, ƙuntatawa daskarar da ita zai yi. A nan sai a ɗaure jijiya mai bugu ƙasa da ɗinkin, a ɗauko jijiyar ƙafa a yi wa hannu sabuwar hanya daga can sama, dabarar da aka bayyana tun 1988.

Akwai wata mai ruɗi da ke zuwa cikin sa'o'in farko bayan tiyata a gwiwar hannu: ciwo mai tsanani, yatsu sun ƙi motsi, amma hannu da ɗuminsa, wani lokaci har da bugu. Jijiyoyin ji da motsi ne suka rasa jini. Kada a ɗora wa allurar kashe zafi laifi a jira gobe. A ɗaure fistular nan take.

Sista Ɗakin Wanki

Yallaɓai, ku bar ni in ƙara namu ɓangaren, don fistula da yawa a kujerar wanki suke mutuwa ba a ɗakin tiyata ba. A makonnin farko bayan gyara kada a cire masa ruwa har jininsa ya faɗi, faɗuwar jini na daskarar da sabon ɗinki. Babu awon jini, babu ɗibar jini, babu ƙarin ruwa a wannan hannun.

In ta ƙosa, a fara da ƙaramar allura mai lamba 17, gudun inji mililita 200 zuwa 250 a minti. A nisanci ɗinkin da aƙalla santimita 3, tsakanin allura biyu kuma kamar santimita 5. A riƙa sauya wuri ana hawa ana sauka. Majiyyata sun fi son wuri ɗaya don ya daina zafi, amma nan ne bangon ke sirancewa ya yi ƙullutu. In allura ta fasa jijiya jini ya taru a ƙarƙashin fata, a huta mata mako ɗaya zuwa biyu. Bayan cire allura a danne da yatsa biyu minti goma, daidai yadda jini zai tsaya amma karkarwa na nan.

Fatar da ta yi sheƙi a kan ƙullutu, ko ɓawon da ya ƙi warkewa, ko ɗan jinin da ya tsattsafo a gida ya tsaya, a tura wa masu tiyata ranar. A koya wa iyalinsa cewa in ta ɓalle a gida su kifa murfin robar ruwan sha a kan ramin, su danne da ƙarfi, su ɗaga hannun, su taho asibiti ba tare da sun ɗaga murfin don dubawa ba.