Fasto ya ba ni samari 3 in almajirantar, yanzu tarihina ya zama musu hujja

Mai tambaya, Zuru: Salama, 'yan'uwa cikin Kristi. Ina neman shawara, abin nan ya hana ni barci. Ni kafinta ne, shekaruna sun haura 50. Bayan baftismar Ista fastonmu ya danƙa mini samari 3 in riƙa tafiya da su cikin Maganar Allah. Ba ni na nema ba. A taron dattawa aka kawo sunana, har wasu suka ce ga waɗanda suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Tungan Magajiya, don me za a ɗauki kafinta, fasto ya ce abin da mutum ya sha a duniya shi ma makaranta ne. Kowa a unguwarmu ya san na daɗe a gidan burkutu kafin Ubangiji ya fisshe ni, don haka na ba yaran labarin duka. Yanzu an ga ɗayansu a gidan giya, da aka yi masa magana sai ya ce ai Baba ma ya sha nasa kafin ya tuba. Na biyun, wanda rashin tsaro ya koro iyayensa daga wajen Wasagu, kullum roƙon kuɗi. Na ukun ba ya cewa uffan. In mayar wa fasto da su ne?

Dattijon ikilisiya, Birnin Kebbi: Ɗan'uwa, kada ka mayar. Amma ba ka gaya mana sau nawa kuke zama ba, da abin da kuke karantawa. Idan labarinka ne kaɗai darasin, nan ɓarnar take. Ka tsayar da rana ɗaya a mako, awa ɗaya. Ku ɗauki Littafin Markus, sura 16 ne, sura ɗaya kowane mako, wata 4 ke nan. Minti 10 na farko ka tambaye su yadda makon ya wuce, ka yi shiru ka saurara. Minti 30 su karanta da bakinsu, kowa ya faɗi abin da ya gani game da Yesu da abu ɗaya da zai aikata kafin zama na gaba. Sauran lokacin addu'a, kowa ya yi wa na kusa da shi. Tarihinka kuwa kada ya wuce minti 5, kuma sai ayar ta kira shi. Dubi Bulus a 1 Timoti 1:13, aya ɗaya ya ba tsohuwar rayuwarsa, sauran duk jinƙan Allah ne. Yawancin masu ba da shaida suna daɗewa a kan shagali, ana dariya, su taƙaita asarar. Yaro kuwa abin da aka ba shi dariya shi yake riƙewa. Ka koma wurin wanda aka gani a gidan giya, ka gaya masa kuɗin makarantar yara da ya tafi, da bashin, da abokan shan da aka binne ba su kai ga tuba ba.

Mama, zumuntar mata, Yauri: Baba, ni ban yarda a sake tono labarin ba sam. Akwai matarku da 'ya'yanku a ciki, kun nemi izininsu kafin ku baza? Abin da aka faɗa wa saurayi da yamma, da safe yana bakin rijiya. Titus 2 ya ce manya su koyar, bai ce su tona asirin gida ba. Ku sa su ci tuwo a gidanku, su ga yadda kuke magana da matarku idan ranku ya ɓaci. Haka ake yi mana a ikilisiyoyi, maza su tsara komai a taron dattawa, mata su ji a sanarwa, alhali mu ne za mu dafa wa yaran.

Mai tambaya: Mama, ban tona asirin kowa ba, kaina na faɗa. Da na ɓoye, a waje za su ji, su ce ni munafuki ne. Zama kuwa muna yi, kusan kullum suna shagona.

Matashi, Gusau: Baba, ku yi haƙuri, a shago me suke yi? Da yawa daga cikinmu an ce za a almajirantar da mu, sai ya zama ɗauko katako, je ka gona, damina ta ƙare ba a buɗe Littafi ko sau ɗaya ba. Almajirantarwa ba golmo ba ce, wato noman da saurayi yake yi wa surukai don a ba shi aure. Shi na ukun da ba ya magana, wataƙila karatun Hausa ne yake ba shi wuya, yana jin kunya a gaban 'yan'uwansa. Ku zauna da shi shi kaɗai, ku karanta ya biyo ku, ko ku sa masa Markus na saurare a waya.

Dattijon ikilisiya: Matashin nan ya faɗi gaskiya, amma kada a raina shago. Markus 3:14 ya nuna Yesu ya zaɓi sha biyun su kasance tare da shi tukuna, kafin ya aike su. Sai dai ka raba biyun: in sun yi aiki, biya su ladan aiki, lokacin karatu kuma ajiye zarto. Batun kuɗi, kada naira ɗaya ta ƙara fita daga aljihunka kai tsaye. Ranar da ka zama mai bayarwa, mai roƙon zai riƙa gaya maka abin da kake so ka ji, kai kuma ba za ka iya tsawata masa ba. Kai sunan gidansu ga kwamitin taimako na ikilisiya, su kai hatsi hannun iyayen. Mai shan kuma, je ka same shi kai kaɗai cikin makon nan, bisa Matiyu 18:15, kada ka fara da fasto. Tambaye shi wace rana yake zuwa, da wa, da kuɗin wa. In ranar kasuwa ce, ba shi abin yi a daidai wannan yammar.

Mama: A'a, fasto ya kamata ya sani tun yau, shi ya ba da amanar. In iyayen yaron suka riga ku kai magana, ku za a zarga.

Mai tambaya: Na gode muku. Amma yaron da ya kwana da yunwa ba zan ce masa jira kwamiti ba, kwamitinmu sai ƙarshen wata yake zama. Awa ɗaya tsayayya kuma da wuya yanzu, shuka ta kama, kowa yana gona har magariba. Shi mai shan tun Lahadi ba ya ɗaukar wayata. In je gidansu ne, ko hakan zai sa babansa ya gane?