An gano sankarar hanji ta gwajin bahaya, mene ne haɗarin tiyatar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Yayana mai shekara 58 yana zaune a Ingila. Ya yi gwajin bahaya na FIT da ake aiko wa gida, aka ga jini, aka duba hanjin da kyamara aka sami sankara a babban hanji ta ɓangaren hagu. Ba ya jin ciwon komai. Sun ce za su yanke wurin. Likitoci, mene ne haɗarin aikin, kuma ana warkewa?

Dakta Sani:
Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ba shi lafiya. Rashin jin ciwon nan alheri ne. Wadda aka kama ta gwaji galibi tana mataki na 1 ko na 2, kuma a mataki na 1 sama da mutum 90 cikin 100 suna haura shekara 5. A mataki na 4 abin bai wuce 10 zuwa 15 ba.

Sannan aikinsa na shiri ne: za a yi hoton CT na ƙirji da ciki, a cike masa jini idan ya yi ƙasa, a daidaita suga. Mace-mace bayan irin wannan aiki wajen 2 ne cikin 100, alhali wanda aka kawo da gaggawa hanji ya toshe ko ya fashe, haɗarinsa ya ninka haka sau da yawa. Abin da ke damun mu a nan ƙasarmu ke nan, mutum ya shekara yana shan maganin basir alhali sankara ce, sai an kawo shi da gaggawa.

Ana cire ɓangaren hanjin tare da jijiyoyin jininsa da kaluluwar da ke kewaye, aƙalla 12 ake so a duba, sai a haɗa bakin biyu. Babban abin tsoro shi ne mahaɗar ta yi yoyo, bahaya ya zuba cikin ciki. Yana faruwa idan jini bai isa bakin ɗinkin sosai ba, ko an haɗa hanjin a ɗame. Taba, ƙiba da rashin abinci mai gina jiki suna ƙara haɗarin. Yakan bayyana tsakanin kwana na 3 da na 7: bugun zuciya ya haura 100, zazzaɓi, ciki ya kumbura ya yi tauri, gwajin jini na CRP, mai nuna kumburi a jiki, yana hawa maimakon sauka. Wani lokaci an riga an sallami mutum, don haka in ya ga haka a gida ya koma asibiti a daren, kada a jira gari ya waye. Ƙaramin yoyo ana maganinsa da maganin ƙwayoyin cuta da bututun zuƙe ruwa, babba sai an koma tiyata a fitar da hanji ta fatar ciki a sa jakar tara bahaya.

Sista Hauwa:
Ƙari kan bayanin Dakta. Idan yana shan taba ya daina tun yau, mako 4 kafin aiki ma yana da amfani. Bayan aiki ya tashi ya taka tun washegari, ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan; kwanciya ce ke kawo ciwon huhu da kasalar hanji, inda ciki ke cika da iska ana amai. In ta ƙananan huda aka yi aikin, yawanci kwana 4 zuwa 7 ne a asibiti. Za a ba shi allurar hana daskarewar jini kullum har kwana 28. Don Allah ya cika ta, mutane da yawa suna yar da ita da zarar sun ji sauƙi. Ƙafa ɗaya ta kumbura ko numfashi ya yi wuya, asibiti kai tsaye.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. To jakar nan dole ce?

Dakta Sani:
A'a Hajiya. Ga sankarar babban hanji yawanci ba a sa ta. An fi buƙatarta idan ciwon ya sauko kusa da dubura, shi ma sau da yawa na ɗan lokaci ne, a mayar bayan wasu watanni. Ya tambayi likitansa ainihin inda ciwon yake, domin aikin da ke can ƙasa yana iya taɓa jijiyoyin fitsari da na kusantar iyali. Sakamakon naman da aka cire ne zai nuna ko zai yi kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara: in sankarar ta shiga kaluluwa, wata 3 zuwa 6, kuma ana so a fara cikin mako 8 bayan aiki. Ku ma 'yan uwansa na jini ku gaya wa likitanku, don a tsara lokacin da za a duba ku.