Wai giwayen Sarki Forus ne suka kori Iskandar daga Indiya?

Maman Hanifa: Jama'a, 'yata ta karanto wani littafin yara, wai wani ɗan yaro mai kula da giwa ya shiga yaƙin kogin Jelum, giwayen Forus, wani sarki a ƙasar Indiya, suka fatattaki Iskandar, sarkin Makedoniya ta ƙasar Girka, har ya koma gida. Haka aka yi?

Malam Bala: Hajiya, ba haka ba ne. A shekara ta 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) aka yi yaƙin, kuma Iskandar ne ya ci. Cikin dare ana ruwa ya tsallake kogin ta can sama. Sojojinsa suka riƙa harbin masu tuƙa giwayen, giwayen da suka ji rauni suka haukace, suka tattake nasu. Aka kama Forus.

Kawu Iliya: To Malam, in ya ci, me ya sa ya mayar wa Forus sarautarsa har da ƙari? Kuma me ya hana shi wucewa gaba?

Malam Bala: Sojojinsa ne suka ƙi, Kawu, a bakin kogin Biyas. Shekara takwas suna tafe, ga damina.

Kawu Iliya: Ga kuma labarin dubban giwayen masarautar Nanda da ke jiran su a gaba. Ka ga giwa ce dai ta mayar da su, ko da ta tsoro ce.

Anti Rabi: Ni ina bayan Kawu a nan. Selukus, janar ɗin Iskandar, ma daga baya ƙasa sukutum ya ba Candragufta, wani babban sarki a Indiya, ya karɓi giwa 500, kuma da su ya ci yaƙin Ifsus a shekara ta 301 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Wanda ya raina giwa ba zai yi wannan ciniki ba.

Malam Bala: Ban raina ta ba, Anti. Marubuci ya ƙirƙiro yaro, ya raɗa wa giwa suna, ya sa ta kuka in ya so, duk ban damu ba. Amma ya ce wanda aka kama shi ya yi nasara? Hanifa za ta girma da shi a kai.

Anti Rabi: Kuma duk labarin Girkawa da Rumawa ne suka rubuta, ka sani.

Malam Bala: Su ɗin ne kuma suka yabi Forus.

Maman Hanifa: To ni yanzu me zan ce mata? Ita fa giwar kawai take so, har ta ce a sayo mata.