Na'urar auna hayaƙin masana'anta: a ina kuɗin yake tafiya?

Akanta: Ni fa ina kan bakana. Tsadar wannan aiki a jikin na'urar take. Ka saya, ka ɗora a bututun hayaƙi, sauran duk canji ne.

Injiniya: Malam, wurin ɗorawar ma aiki ne. Ƙa'idar EPA, hukumar kare muhalli ta Amurka, ta fi son a huda bututun a inda ya yi nisan faɗinsa sau 8 daga lanƙwasar da ke baya, da sau 2 kafin bakinsa, don hayaƙin ya daidaita. Ka ga dandamali ke nan, da tsani, da walda, a kuma tsayar da aiki kafin a gama. Sai tiyon da ke sauko da hayaƙin, wanda ake riƙe zafinsa wajen digiri 180. Da ya huce raɓa za ta taru, iskar SO2, wato gurɓatacciyar iskar sulfur da ake aunawa, ta narke a ciki, na'ura ta nuna ƙasa da gaskiya. Ban ma kawo ɗaki mai iyakwandishan da busasshiyar iskar kwamfuresa ba.

Akanta: Ai wannan sau ɗaya ake biya.

Jami'ar muhalli: To wanda ba sau ɗaya ba fa, Malam? Kullum sai an gwada na'urar da gas ɗin daidaita awo, silindar kuwa tana ƙarewa, kuma tana da wa'adi. A Turai, ƙa'idar EN 14181 ta ce a kira ɗakin gwaji na waje ya yi awo aƙalla 15, a rarraba su cikin aƙalla kwana 3, a kwatanta da na na'urar, sannan duk shekara a sake aƙalla 5.

Makanike: A sayi mai aunawa a cikin bututun kai tsaye mana. Ba tiyo, ba injin sanyaya hayaƙi.

Injiniya: Ta rage kaya, gaskiya ne. Amma ƙura na rufe gilashinta, kuma ko ƙaramin gyara ne sai mutum ya hau can sama, ko da ruwa ake.

Akanta: Gas da gwaji na karɓa, Hajiya. Dandamali dai kar a lafta wa na'ura, awon hannu ma na buƙatarsa.

Jami'ar muhalli: Cire shi, ka sa famfo da abin tace ƙura na ajiya a gurbinsa. A tsarin tashoshin wutar Amurka, in na'ura ta daɗe a tsaye, da adadi mai tsauri ake cike giɓin, a lissafa maka hayaƙin da wataƙila ba ka fitar ba.