Wane suna za mu ba "roleplay" na rubutu?

Ɗan Agege: Jama'a, wasan nan da ake yi a WhatsApp da Discord, kowa ya ɗauki mutum guda cikin labari yana rubuta maganarsa da aikinsa, babu maki, babu wanda ya san ƙarshe. Wasan kwaikwayo za mu ce?

'Yar Idi-Araba: Bai zauna ba, Yaya. Wasan kwaikwayo yana da marubuci ɗaya da 'yan kallo. Nan kuwa masu yin su ne masu kallon. Ya fi kama da kalankuwa, inda samari ke naɗa sarkinsu da alƙalinsu, kowa ya riƙe muƙaminsa ba tare da an rubuta masa abin faɗa ba.

Mai Shayin Obalende: To, tatsuniyar haɗaka?

'Yar Idi-Araba: A tatsuniya baki ɗaya ne ke riƙe da Gizo da Ƙoƙi duka. Abin da aka hana kenan.

Malamin Alaba Rago: Ni na ce kwaikwayon karɓa-karɓa, domin layi shi ne ƙashin bayan wasan. Mutum huɗu ko biyar sun isa. In suka kai goma, kafin layi ya zagayo an manta wanda ke riƙe da wuƙar. Kowa ya rubuta sakin layi ɗaya ko biyu, ya tsaya inda na gaba zai samu abin kamawa. Ka rubuta "Na kai masa sara", kada ka rubuta "Na sare shi ya faɗi". Faɗuwa ko kaucewa, mai jarumin ne zai yanke. Wanda ya yanke wa jarumin wani hukunci, mu ce ya yi hawan ƙawara.

Ɗan Agege: Hawan ƙawara ya yi, Malam! Maganar da ba ta cikin labari fa?

Malamin Alaba Rago: Bayan fage. A sa ta cikin baka biyu-biyu, ((ina cikin cunkoso a Oshodi, ku tsallake ni)), ko a buɗe mata zaure daban. In aka cakuɗa, wani zai ɗauki zagin jarumi a matsayin zagin kansa.

'Yar Idi-Araba: A kuma yanke tun farko: wanda ya yi awa 24 shiru, ko wuta ce ko data, a wuce shi, amma kada a kashe masa jarumi. Sunan dai ya yi tsawo, Malam.

Mai Shayin Obalende: Baki zai gutsure shi, Hajiya. Yau da dare akwai karɓa-karɓa?