Wanda ya taɓa shan iyod ɗin nukiliya, yaya kuka yi da gida?

Maman Ƴan Biyu, unguwar Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Shekara biyu ke nan ina fama da ciwon tiroyid, ƴar tsokar nan da ke gaban wuya, irin wanda likitoci ke kira Bazdo. Ina cin abinci kamar mai aikin gona amma ina ramewa, zuciyata na bugawa ko ina kwance, hannuna na rawa har ban iya zura zare a allura. Da farko a gida cewa aka yi iskoki ne, an sha rubutu, an yi hayaƙi. Sai da aka auna jini aka gane. Na sha karbimazol wata 18, na samu sauƙi, ana tsayar da shi ciwon ya dawo. Yanzu likita ya ce ko fiɗa ko iyod ɗin nukiliya, kuma shi ya fi karkata ga iyod.

Maganin bai dame ni ba kamar abin da zai biyo baya. An ce in nisanci yara na wasu kwanaki. Ƴan biyuna shekararsu uku, ba su barci sai a jikina. Gidanmu na gandu ne, da uwar miji da abokiyar zama, makewayi ɗaya. Wanda ya taɓa yi, ko ya raka nasa, don Allah ya faɗa mini yadda ya yi.

Hajiyar Bagalam

Wa alaikumus salam ɗiyata. Na sha shi shekara huɗu da suka wuce, ga ni ina ta zuwa kasuwa. Ki cire tsoro. Ni na zaci wata babbar na'ura za a saka ni ciki. Ashe ƙwaya ce guda, kamar ta amoksisilin, aka kawo ta cikin wani tulu na dalma mai nauyi, aka ce kada in taɓa da hannu, na haɗiye da ruwa. Ba zafi, ba ɗaci. Har na tambayi yaron da ya ba ni ko ya manta da wani abu.

Wahalar tana gida, kin yi gaskiya. Kin san mutanenmu, in aka ji ka dawo daga asibiti gida cika yake da ƴan sannu. Wannan ta zauna bakin gado, waccan ta miƙo miki jariri ki sa masa albarka. Ni abin da na yi, ban dawo Maradi ba sai da na yi kwana biyar a gidan ƙanena can inda aka ba ni maganin. Ya ba ni ɗaki ni kaɗai, da butata, da kwanona, da kofina. Da na dawo na ce wa jikata babba ta tsaya bakin zaure ta ce Hajiya na barci. Wasu sun ji haushi, har wata ƙawata ta ce na je birni na koyo girman kai. Mun shirya daga baya.

Abin da ba na so ki yi shi ne ɓoye wa uwar mijinki. Ki zaunar da ita tun yanzu. In ta fahimta, ita za ta korar miki mutane, kuma ba wanda zai ce mata uffan.

Majo mai ritaya

Ƙanwata, na yi shekaru ina aikin jinya, kuma matata ta sha wannan maganin, don haka na gan shi ta fuska biyu. Bari in gaya miki dalilin dokokin, saboda wanda ya san dalili ya fi kiyayewa.

A jikin mutum tiroyid ce ke tsotse iyod don ta haɗa sinadarinta. Ba ta bambanta iyod na gishiri da na nukiliya. In kin haɗiye ƙwayar, sai ta kwashe rabonta, tururin nukiliyar ya ƙone ta daga ciki, kuma wanda ke yin aikin ƙonawar ba ya wuce milimita ɗaya ko biyu a cikin nama. Shi ya sa gashi ba ya zubewa kamar na masu shimiyo, wato maganin kansa. Wanda tiroyid ba ta ɗauka ba fitsari ke fitar da mafi yawansa cikin kwana biyun farko, kaɗan kuma ta miyau da zufa. To kin ga inda haɗarin yara yake: miyau, fitsari, da daɗewa manne da wuyanki. Tiroyid ɗin yaro ƙarama ce kuma tana girma, ba a son ta samu ko kaɗan.

Don haka a makewayi ki zuba ruwa da yawa bayan kin gama, ki wanke hannu da sabulu, butarki daban. Kada ki tauna abu ki ba yaro, kada ki ɗanɗana miya ki mayar da ludayin cikin tukunya, fura kuma ki sha a kofinki. Wucewa ta tsakar gida ko gaisawa daga nesa ba komai ba ne. Kwana a shimfiɗa ɗaya da goyo su ne ake hanawa. Yawan kwanakin ya danganta da awon da aka ba ki, za su rubuto miki a takarda, ki bi tasu ba ta Hajiya ba, ba kuma tawa ba.

Abu biyu da ba wasa a cikinsu. Mai ciki ba ta sha, za su auna ki kafin su ba ki, kuma ana son a yi aƙalla wata shida kafin a ɗauki wani cikin. Wannan magana ce ta ke da maigida tun kafin ku hau mota. Mai shayarwa ma ba ta sha sai ta yaye, kuma ba ta komawa ba wa wannan yaron nono.

Maman Ƴan Biyu

Na gode Baba Majo. Na yaye su da daɗewa. Maganar wata shidan ce zan san yadda zan shigar da ita, don uwar mijina ta fara ƙorafin ƴan biyu sun girma ba ƙani.

Ƴar Mokoyo

Yaya, ni kuskurena zan ba ki kada ki maimaita. An ba ni rana, na shirya. Saura mako biyu ciwon ciki ya kama ni, aka yi mini sikana da wannan allurar da ke sa jiki ya ɗau ɗumi. Ban san akwai iyod cikinta ba, ban kuma ce musu ina jiran magani ba. Na hau kar, babbar motar fasinja, tun asuba, Gidan Rumji, Konni, Dogon Dutsi, Dosso, har Yamai, sama da kilomita 600, na isa baya kamar an daka ni a turmi. Tambayar farko da aka yi mini: an yi miki sikana kwanan nan? Na ce eh. Aka ce tiroyid ɗina ta ƙoshi da iyod, ko an ba ni maganin ba za ta ɗauka ba, in koma sai bayan makonni. Kuɗin mota ya tafi a banza, na yi kuka a tasha ba kunya.

Betadin ma da ake shafa wa miki iyod ne. Kuma ni an sa na tsayar da karbimazol kwanaki kaɗan kafin ranar, an ce in ɗan rage kifi, madara da gishiri mai iyod. Ki rubuta duk abin da kike sha ko shafawa ki nuna musu, har na gargajiya.

Majo mai ritaya

Ƙarin bayani kan gishirin: na mai jinya ne kaɗai, na ɗan lokaci. Kada a canja wa gida duka. Gishiri mai iyod shi ke kare yara daga maƙoƙo, mu da muka yi aiki a ƙauyuka a da mun ga wuyan mata yadda yake.

Ɗan Sabon Gari

Ni ba iyod ba ne, hoton ƙashi na raka tsohona, sintigirafi, a cibiyar nan ta jami'ar Abdu Mumuni da ke Yamai wadda ake kira IRI. Kansar mafitsara ta maza ce gare shi, furostat, yana kukan baya, likita na son ya san ko ta taɓa ƙashi. Allura aka yi masa a jijiya, aka ce ya yi ta shan ruwa yana fitsari, mu dawo bayan awa uku. Sannan ya kwanta, na'urar ta bi jikinsa a hankali daga kai zuwa ƙafa wajen rabin awa. Tsoho har gyangyaɗi ya yi. Da hoton ya fito ga ƙwarangwal ɗinsa gaba ɗaya, da ɗigo biyu baƙaƙe a ƙashin baya. Wannan hoton ne ya sa aka tura shi cibiyar kansa ta ƙasa, inda aka fara gashi da na'ura a 2021, aka gasa wurin, ciwon bayan ya lafa har yana sallah a tsaye.

Abin dariya, da muka dawo abokansa na fada suka ƙi shan shayi da kofinsa kusan wata guda, wai an sa masa nukiliya. Alhali mu an ce mana nasa kwana ɗaya ne kawai zai ɗan nisanci jarirai da masu ciki.

Malamin Lise

Abokan Baban Ɗan Sabon Gari sun wahalar da kansu. Fizik nake koyarwa, kuma an yi wa ɗana hoton ƙoda da irin wannan allurar saboda yawan ciwon fitsari, ni na riƙe shi a kan gadon. Abin da aka yi wa Baba teknesiyom ne, rabin ƙarfinsa na tafiya duk awa 6. Bayan awa 24 saura kashi ɗaya cikin 16, ban da wanda fitsari ya fitar. Iyod 131 na Maman Ƴan Biyu kuwa kwana 8 yake ɗauka kafin ya rabe, shi ya sa dokokinsa suka fi tsawo. Ɗaya ɗan leƙen asiri ne, ya shiga ya haska ya fita. Ɗayan aiki aka aike shi.

Wannan saurin mutuwar ne ya sa ba a ajiye maganin a kanta kamar parasetamol. Teknesiyom daga molibden ake tatsarsa, shi kuma awa 66 ne rabin ransa, kuma ƴan tsirarun injunan nukiliya ne a duniya ke yin sa, irin na Petten a Holand, na Mol a Beljiyam, da Safari na Afirka ta Kudu. A jirgi ake kawo shi, yana raguwa tun a hanya. Don haka ake tara marasa lafiya a ƴan kwanakin da kayan suka iso. Duk wanda zai taso daga Maradi ya buga waya ya tabbatar kafin ya yanki tikiti.

Abin da ke ci mini rai in ina koyar da wannan darasin: daga uraniyom ake samo molibden ɗin, irin ƙarfen da ake haƙa a Arlit tun 1971. Mu ke da rijiyar, amma sai an ɗebo mana ruwan a jirgi. Ita kuwa Maman Ƴan Biyu, maganin ba sabo ba ne da za a ce gwaji ake da ke. Tun 1941 wani likita Saul Hertz ya fara ba masu irin ciwonki a Boston ta Amurka.

Ƴar Dan Gulbi

Kowa ya yi maganar kwanakin farko, ni bari in yi ta bayan wata uku, don can na sha tawa. Tawa kansar tiroyid ce, an cire ta duka, sannan aka kai ni Tunisiya aka ba ni awo babba. Kwana uku ina kulle a ɗaki ni kaɗai, ana ajiye mini abinci a bakin ƙofa. Ƙasan kunnuwana suka kumbura, bakina ya bushe, abinci ya koma kamar ina tauna ƙarfe. Tsamiyar da na tafi da ita ce na riƙa tsotsa da suka ba ni izini, don miyau ya gudana. Naki awon bai kai nawa ba, da wuya a kwantar da ke.

Amma ki sani, yawancin waɗanda suka sha, tiroyid ɗin kan mutu gaba ɗaya daga baya, sai a koma shan Levothyrox, ƙwayar da ke maye gurbin sinadarinta, kullum har ƙarshen rai. Ni na yi wasa da shi. Ina haɗiye shi da fura da nono da safe, ashe nono na hana shi shiga jiki sosai. Na kumbura, ina jin sanyi a watan Afrilu, a Maradi fa, ina barci a kan dardumar sallah. Da aka auna jini, TSH ya hau sama, alamar maganin bai ishe ni ba. Yanzu da na tashi asuba nake sha da ruwa zalla, in jira rabin awa kafin in ci komai. Da azumi nakan tashi kafin kowa in sha, sannan in ɗora sahur. Maganin ƙarin jini kuma sai bayan awa huɗu.

Hajiyar Bagalam

Haka ne, nima ina shan ta. Kuma kada ki zaci washegari za ki warke ɗiyata. Ni sai da na yi kusan wata biyu kafin bugun zuciyar ya kwanta. In idanunki sun ɗan fito waje ki nuna wa likita tun kafin, an ce maganin kan ƙara shi ga wasu, akwai abin da suke haɗawa da shi.

Maman Ƴan Biyu

Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na zauna da uwar mijina kamar yadda Hajiya ta ce, na karanta mata bayanin Baba Majo. Ta yi shiru, sannan ta ce to ƴan biyu su koma ɗakinta tun daga wannan makon don su saba kafin in tafi. Daren jiya Hasana ta yi kuka har ƙarfe ɗaya, Usaina ko a jikinta. Abokiyar zamana ta ce za ta karɓi girkina. Maganar wata shidan maigida ya ce shi zai gaya wa Inna da bakinsa.

Saura hanya. Ban da kowa can da zan zauna wurinsa kwana biyar, kuma awa goma ne ko fiye a kar kafaɗa da kafaɗa da mutane, wata ma da goyo. Ƴar Mokoyo, ke da kika koma karo na biyu, a ina kika sauka, kuma kwana nawa suka ce ki yi kafin ki hau mota?