Takalmi na taɓa tayar gaba: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsamo daga maganganun 'yan uwa kan matsalar takalmin mahayin keke da ke taɓa tayar gaba idan an juya kan keken, don wanda bai samu bin tattaunawar tun farko ba.

1. Kowa ya yarda matsalar ta fi fitowa a ƙananan kekuna masu taya 700c (girman tayar da aka saba sa wa kekunan tsere na manya), musamman idan ƙafar mahayi babba ce. Tazarar da ke tsakanin feda da tayar gaba ce ta yi kaɗan.

2. Ba ta faruwa idan ana gudu, don a lokacin karkata jiki ake yi, kan keken bai juyawa sosai. Sai a tafiyar hawainiya, wajen kwana mai tsauri ko tashi daga tsaye a cunkoso.

3. Taya mai kauri da murfin tare laka suna ƙara cinye wurin. Masu zuwa aiki da keke sun fi kokawa da wannan.

4. Gyaran da aka ambata: hannun feda mai milimita 165 maimakon 175, ko taya 650b, wadda ba ta kai 700c girma ba, idan keken zai karɓa.

5. Nan aka rabu. Masu tseren cikin laka, irin na Beljiyam, sun ce sabo ne kawai: ka dakata da tuƙi a kwana, ka ja feda baya kaɗan, ka ci gaba. Wasu sun ce sabon shiga bai kamata ya sayi irin wannan keke ba. Ni ina tare da na farkon, sai dai a keken da fedarsa ba ta tsayawa muddin taya na juyawa. Wannan kam haɗari ne na gaske, a gwada kwana kafin a biya kuɗi.